TARAYYAR LAMBU: YADDA A KE SAYEN KAYAN MIYA TUN BA A SHUKA SU BA

Ya kai mai karatu, ka san yadda a ke sayen kayan miya a kasuwa. Ka tafi da kuɗinka, ka duba kashin tumatir da na tattasai, ka taya, a sallama maka, ka zuba a kwando ka koma gida. In mai lambu ya yi hasara bana, ba ruwanka. In kuwa ya ci riba, ba ka da ko anini a ciki. Gobe in ka ga wani ya fi shi araha, wurinsa za ka nufa.

To, akwai wani irin ciniki dabam da a ke yi a Amurka da Japan da waɗansu ƙasashen Turai. Magidanta su kan haɗa kai, ko hamsin, ko ɗari, ko fiye, su tafi wurin mai lambu guda tun bai shuka kome ba, su biya shi kuɗin kayan lambu na shekara. Sa'ad da amfani ya soma nuna, ko wane mako sai a tsinko abin da ya isa tsinka, a raba musu daidai wa daida. Amurkawa suna kiran wannan al'amari da haruffa uku, C.S.A., ma'anarsu kuwa noman da jama'a ta tallafa. Mu a nan za mu ce da shi tarayyar lambu, abin da mutum ya biya kuma mu ce da shi kaso.

Kafin ka gane dalilinsa, sai ka san yadda shekara ta ke a can. A jihohin arewa maso gabas na Amurka, tun daga watan Nuwamba har Maris sanyi ya kan yi tsanani, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ba abin da ke tsira a fili. Mai lambu ba ya samun abin sayarwa na kirki sai wajen watan Yuni. Amma tun Fabrairu ya ke soma kashe kuɗi. Zai sayi iri da taki, ya gyara injinan noma, ya ɗumama ɗakin da ya ke renon dashe, ya ɗauki 'yan ƙodago. Watau lokacin da ya fi bukatar kuɗi, shi ne lokacin da aljihunsa ya ke wayam. Manomi na ko wace ƙasa ya san wannan hali. Kai ma ka san yadda a kan yi a nan da farkon damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa: mutum ya ci bashi wurin mai hali, a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi. In damina ta yi kyau ya biya, ko da ya ke da tsada. In ta ɓaci, bashi yana nan a wuyansa, mai kuɗi ba ya rage ko mudu ɗaya.

A nan ne tarayyar lambu ta rabu da bashi, ina so kuwa ka riƙe wannan da kyau, gama shi ne gindin maganar. Wanda ya shiga tarayya bai ranta wa mai lambu kuɗi ba, bai kuma sayi kwando kaza na tumatir ba. Abin da ya saya shi ne kaso cikin dukan abin da lambun zai bayar a wannan shekara, ko da yawa ko kaɗan. In gidaje ɗari ne, nasa ɗaya ne cikin ɗari na albarka, ɗaya kuma cikin ɗari na hasara.

Bari mu buga misali da lissafi. A ce mai lambu ya zauna da alƙalaminsa ya ƙididdige abin da zai kashe a shekara: iri da taki dala 9,000, ladan 'yan ƙodago dala 24,000, hayar ƙasa da gyaran kayan aiki dala 9,000, ladan wahalar kansa dala 18,000. In ka tara, ya zama dala 60,000. A ce kuma lambun ya isa ciyad da gidaje 100. Raba 60,000 gida 100, ko wane gida zai biya dala 600. In za a yi mako 20 ana rabo, daga Yuni zuwa Oktoba, ko wane mako ya tashi a kan dala 30 ke nan. Amma kada ka yi zaton ko wane mako za a ba ka kayan dala 30 cif. A farkon Yuni watakila abin da ke cikin kwandonka bai kai na dala 20 ba. A watan Agusta kuwa ya yiwu ya wuce na 40, har ka rasa inda za ka sa shi.

INDA ABIN YA FARO

A Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suka yi yawa, manoma kuma suka shiga zuba magungunan ƙwari ba ji ba gani. A 1956 aka gano wata muguwar cuta a garin Minamata, wadda mutane suka ɗauka daga cin kifin da dagwalon wata masana'anta ya gurɓata. Irin waɗannan abubuwa suka sa matan aure na birane suka soma tsoron abin da su ke ba 'ya'yansu. Sai waɗansunsu suka nemi manoman da za su yarda su yi noma ba da magani ba, su kuwa suka ɗauki alkawarin sayen amfanin. Wannan alkawari su ke kira teikei, watau haɗin gwiwa. A 1971 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan noma ta ƙasar Japan, a 1978 kuma ta rubuta ƙa'idodi goma na teikei. Ɗaya daga cikinsu ta wajabta wa masu saye su karɓi dukan abin da aka noma bisa shawarar da aka yi tare, su kuma gyara cimarsu ta bi abin da gona ta bayar. A ganina wannan ƙa'ida ta fi sauran wuyar cikawa, za ka ga dalili nan gaba.

A cikin 1978 ɗin ne kuma aka kafa wata tarayya kusa da birnin Janeba a Suwizalan, sunanta Les Jardins de Cocagne, inda banda kuɗi, ko wane ɗan tarayya ya kan ba da aikin hannu na 'yan kwanaki a shekara, kamar yadda mu ke yin gayya. Wani Ba'amurke, Jan Vander Tuin, ya yi aikin gona a Suwizalan, ya ga irin wannan tsari, ya koma gida da shi. Ya gamu da wata mace mai suna Robyn Van En, wadda ta ke da gona a jihar Massachusetts, a ke kiranta Indian Line Farm. A 1985 suka gwada sayad da kaso cikin 'ya'yan itacen tuffa, a 1986 suka soma na kayan lambu. A wannan shekara ta 1986 kuma waɗansu manoma, cikinsu har da wani Bajamushe Trauger Groh, suka kafa Temple-Wilton Community Farm a jihar New Hampshire. Waɗannan biyu su a kan ambata in ana zancen mafarin abin a Amurka. Amma bai kamata a manta da Booker T. Whatley ba, baƙar fata, malamin aikin gona a Tuskegee ta jihar Alabama. Tun kafin su ya ke koya wa ƙananan manoma su tara mutanen birni, su biya kuɗin shiga na shekara, su riƙa zuwa gona suna tsinka da hannunsu.

Faransa ba ta soma nata ba sai 2001, suna kiransa AMAP. A Amurka kuwa abin ya yaɗu ƙwarai. Ƙidayar da Ma'aikatar Gona ta ƙasar ta yi ta nuna a 2015 gonaki 7,398 ne suka sayad da amfani ta wannan hanya, cinikin kuwa ya kai dala miliyan 226.

Mutanen Temple-Wilton sun zo da wata dabara wadda ta isa a tsaya a kanta. Ba su yanka wa kowa kuɗi ɗaya ba. Kafin shekara ta kama sai a kira taro, manoma su buɗe lissafinsu gaban kowa, su ce ga abin da gona za ta ci bana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sa'an nan ko wane magidanci ya faɗi abin da zai iya bayarwa, mai hali da yawa, marar hali kaɗan. In an tara bai kai ba, sai a sake kewayawa har ya cika. Ranar ɗiba kuwa kowa ya ɗebi gwargwadon bukatar gidansa. Wanda bai saba ba zai ce ai masu haɗama za su kwashe. Amma mutum ya kan ji kunyar cika buhu gaban maƙwabcin da ya san abin da ya bayar a taro.

ABIN DA ZA KA TARAR A KWANDO

A ce ka shiga, ka biya tun watan Fabrairu ko Maris. Za a gaya maka rana da wuri: ko dai ka je gonar, ko kuwa a kawo kaya wani gida ko wata makaranta a unguwarku, ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Makon farko ka tafi da murna, ka buɗe kwando, sai ka ga ganye tsantsa: latas, alayyafo, lawashi, da waɗansu ganyayen da ba ka san sunansu ba. Babu tumatir, babu tattasai. Mako na biyu ma haka. A nan ne baƙon shiga ya kan soma gunaguni, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. A wannan ƙasa tumatir na fili ba ya nuna sai wajen ƙarshen Yuli. Kantunan birni ne suka sangarta shi, gama su suna kawo tumatir daga ƙasashe masu zafi ko wane wata, har ya manta tumatir yana da lokaci. Kai da ka san ba a neman ɗanyar masara da tsakiyar rani, ka fi shi sanin wannan.

Da zafi ya kankama, Yuli da Agusta, sai kokwamba da ɗanyen wake da tattasai da yalo da masara su shigo, tumatir kuma ya zo kamar ba zai ƙare ba. Satumba da Oktoba lokacin masu nauyi ne, waɗanda su ke jure ajiya: dankalin Turawa, kabewa, karas, kabeji, albasa, tafarnuwa. Daga nan sanyi ya sauko, a rufe rabo sai baɗi, sai fa gonakin da ke da ɗakin ajiya, su su kan sayad da kaso na hunturu dabam.

Ka tuna ƙa'idar nan ta mutanen Japan, a karɓi dukan abin da aka noma. Ga wuyarta. Ba kai ke zaɓe ba, lambu ke zaɓa maka. Wani mako za a ba ka wani abu ɗan'uwan kabeji, wanda kututturensa a ke ci, ya kumbura kamar ƙwallo, uwargida ta juya shi ta juya ta rasa ta inda za ta soma. Don haka masu lambu da yawa su kan haɗa da 'yar takarda, ko su aiko da saƙo ta intanet, mai bayyana sunan ko wane abu da yadda a ke dafa shi. Wanda ya iya karatu ya huta. Wani mako kuma abu ɗaya ne zai yi yawa har ya gundure ku. Da yawa cikin waɗanda su ke fita bayan shekara guda, abin da ya kore su ke nan: kaya ya yi musu yawa, ya ruɓe a hannunsu, suna ganin kuɗinsu a juji. Da sun san yadda matanmu ke yanka tumatir da kuɓewa su shanya, su daka lawashi su yi gabu, da ba su yi wannan hasara ba. Su can sai dai su dafa su rufe a kwalba, ko su sa a firji ya daskare. Gidan da babu mai zama ya yi girki, kada ya shiga. Gidan da mutum biyu ne kaɗai, ya ɗauki rabin kaso, ko ya yi tarayya da maƙwabci.

SHEKARAR HASARA

Duk wannan mai sauƙi ne. Ba a sanin ɗan tarayya na gaske sai shekarar da gona ta ƙi.

A 2009 aka yi damuna mai sanyi da yawan ruwa a arewa maso gabas na Amurka. Sai wata cuta ta faɗa wa tumatir, ita ce wadda ta cinye dankalin ƙasar Ayalan a 1845 har aka yi babbar yunwa. Ta kan baƙanta ganye da 'ya'ya, cikin 'yan kwanaki lambu ya zama kamar an babbake shi. Masu noma ba da magani ba su suka fi shan wuya. 'Yan tarayya da yawa suka ga Agusta ya zo ya wuce, tumatir ɗin da suka yi ta jira bai zo ba, ko kuwa ya zo ɗan kaɗan. Amma wannan da sauƙi, gama mai lambun tarayya ba ya shuka abu ɗaya. Ya kan shuka iri talatin ko arba'in, don in wannan ya ƙi, wancan ya cika kwando.

Wadda ta fi ta muni ita ce ta 2011. A ƙarshen watan Agusta wata babbar guguwa da aka sa wa suna Irene ta zubo ruwa a jihohin Vermont da New York, koguna suka yi ambaliya. Lambuna da yawa a bakin kogi su ke, kamar fadamunmu, don ƙasar wurin ta fi albarka. A birnin Burlington akwai wata fadama a bakin kogin Winooski, ana kiranta Intervale, cike da lambuna, ruwa ya shafe ta. Ga shi kuwa hukuma ta hana a sayad da abincin da ruwan ambaliya ya taɓa, saboda ƙazantar da ya ke ɗauke da ita. Kabewa da karas da dankali suna kwance sun ƙosa, ba dama a ci. Waɗansu gonaki dole suka rufe rabo, saura makonni da yawa.

To, a nan ina matsayin wanda ya biya tun Fabrairu? Bisa ga asalin alkawari, ba ya bin mai lambu kome. Koma kan misalinmu. In ruwa ya ci gona bayan mako 12, saura mako 8, ko wane gida ya yi hasarar dala 240. Da zafi, amma ba ta rushe gida. Da mai lambu ne kaɗai ya ɗauke ta, dala 24,000 ke nan a kan mutum ɗaya, ga 'yan ƙodago suna jiran lada. Irin wannan ita ke raba manomi da gonarsa. An raba ta gida ɗari, baɗi ya sake shuka, su kuma su sake samun mai noma musu.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kullum abin ke tafiya haka ba. Masu lambu da yawa suna tsoron kada mutane su gudu baɗi, saboda haka in sun yi hasara sai su sayo kaya wurin wani manomi da kuɗin aljihunsu, su cika kwanduna. Waɗansu kuma tun wurin lissafi su kan rage ladan kansu don kaso ya yi araha. Ta haka nauyin da aka ce an raba ya kan lallaɓo ya koma kan mai shi. Akwai kuma 'yan kasuwa da ba su da ko kunya ɗaya ta lambu, su kan sari kaya nan da can, su zuba a kwali su kai gida gida, suna ara wa cinikinsu kamannin tarayya. Ciniki ne halal, ba na zarginsu, amma dillanci ne, a kira shi da sunansa.

KAFIN KA SA HANNU

In tafiya ta kai ka ɗaya daga cikin ƙasashen nan har ka yi sha'awar shiga, ko kuwa ku da abokanka kuka yi nufin gwadawa da wani mai lambu na garinku, abu na fari ka je ka ga lambun da idonka. Gani ya kori ji. Ka dubi inda ya ke samun ruwa, ka dubi ko wurin mai cin ambaliya ne. Ka tambayi mai shi shekara nawa ya yi yana wannan aiki, gama shuka iri arba'in a jere, yadda ko wane mako za a sami abin tsinka, ba aikin ɗan koyo ba ne. Ka nemi wanda ya yi tarayya da shi bara, ka ji daga bakinsa.

Sa'an nan takarda. Galibi a kan rubuta sharuɗa a ba ka ka sa hannu, a nan ne karatun da ka koya zai yi maka rana. Kada ka bari a karanta maka, karanta da kanka, sannu sannu, ko da zai ɗauke ka dare guda. Nemi inda aka faɗi yawan makonni. Nemi abin da za a yi da kasonka ranar da ba ka zo ba, gama wurare da yawa ba su ajiye wa kowa, sai su ba mabukata, kai kuwa ba a mayar maka da kome. In za ka yi tafiya, ka wakilta wani ya karɓa. Duba ko an yarda a biya kashi biyu ko uku, ko kuwa a rage maka kuɗi in za ka ba da aikin hannu. Duba ko duk abin da za a ba ka daga wannan lambu ya ke fitowa.

Bayan wannan duka, nemi layin da ya yi maganar hasara, na fari ko ambaliya ko cuta. In ka same shi, karanta shi sau biyu, ka tambayi kanka ko za ka iya rasa wannan kuɗi ba tare da gidanka ya kwana da yunwa ba, ba kuwa tare da ka je ƙofar mai lambu kana yi masa tijara ba. In ba za ka iya ba, ka riƙe kuɗinka ka ci gaba da zuwa kasuwa, ba abin kunya ba ne. In kuwa ka duba takardar daga sama har ƙasa ba ka ga wannan layi ba, ka ce a rubuta shi tukuna, da hannun mai lambu da naka a ƙarƙashinsa, kowa ya riƙe tasa.